Bashin Karatu Da Ɗaliban Fasaha: Rigar Da Aka Yanka Da Awon Wani

Bayan sallar isha'i, a kan dakalin ƙofar gidanmu a Dutsen Abba, akwai samari uku da suka saba zama. Tare suka yi firamare, tare suka yi kiwon awaki, malami ɗaya ya yi musu wankin allo. Na farko yana shekarar farko ta ƙaramar difloma a fannin gine-gine. Na biyu ɗan ƙanwata ne, ya gama tasa diflomar a fannin lantarki, yana cikin shekarar nan ta sanin makamar aiki da ake yi kafin a koma babbar difloma. Na uku bai wuce sakandare ba. Shekararsa biyar ke nan a shagon walda a Tudun Wada, kuma in gaskiya za a faɗa, a cikinsu shi ne wanda hannunsa ya fi faɗawa. Ƙyauren ƙarfen da ke ƙofar gidan namu ma shi ya ƙera shi.

Ran nan na fito na tarar sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ɗan ƙanwar tawa ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan bashin karatun da ake ta faɗa a rediyo, da mu a ciki, ko na 'yan jami'a ne kawai?" Na ce masa doka ta ce da ku. Sai mai waldar ya gyara zama ya ce, "Har da ni, Kawu?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga maganar ta wuce i ko a'a. Tun daren nan nake juya ta a raina.

Tambayar tana da nauyi a Zariya fiye da yawancin garuruwa. In an ambaci garin nan, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ake fara tunawa. Amma kewaye da ita akwai makarantun da aikinsu horar da hannu ne: kwalejin tuƙin jirgin sama da gyaransa da aka kafa a 1964, cibiyar fasahar sufuri da ke hanyar Basawa, cibiyar fasahar fata ta Samaru, kwalejin aikin gona ta Samaru wadda ta girmi jami'ar kanta, sai kuma foli ta jiha da aka kafa a 1989, wadda daga baya aka sa mata sunan marigayi Magajin Garin Zazzau, Nuhu Bamalli. Babbar harabarta tana bakin titin Kaduna, titin da mutanen Dutsen Abba ke bi kullum in za su shiga gari. Ga manomin da arzikinsa buhunan masara ne, foli ce makarantar gaba da sakandare da ta fi kusa da hannunsa. Yaro zai kwana a gida, ya ci tuwon gida, ya hau mashin ya tafi aji, ranar Asabar kuma ya shiga gona.

Sai dai kusa ba ta nufin araha. A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin makarantun jiha ɗagawa mai tsanani, ɗalibai suka yi ta zanga-zanga, iyaye suka yi ta roƙo. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage: na Nuhu Bamalli daga naira 100,000 ya dawo 50,000, na jami'ar jiha daga 150,000 zuwa 105,000. An ji daɗi ƙwarai. Amma wata uku kafin nan, ranar 29 ga Mayu, an cire tallafin man fetur, don haka abin da uba ya tsira da shi a wajen rajista sai ya zuba wa ɗan acaba da mai shinkafa. A cikin wannan hali ne maganar bashin karatu ta iso mana.

Ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar, wadda Femi Gbajabiamila ya ɗauki nauyinta a majalisar wakilai. An yi murna, har sai da mutane suka zauna suka karanta sharuɗɗan. Dole abin da ke shigowa gidan su ɗalibi a shekara ya gaza naira 500,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi 30,000 ne a wata, wato 360,000 a shekara. In uba masinja ne, uwa kuma tana shara a asibiti, su biyun sun tashi 720,000, ɗansu ya fita ke nan, an sa shi a sahun 'ya'yan masu hali. Bayan haka dole ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, kuma ba kowa ba: ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 a kan aiki, ko alƙali da makamantansu. Haɗa sharuɗɗan biyu ka gani. Ana neman yaron da gidansu babu komai, amma ya san manya biyu da za su sa hannu a kan bashinsa. A unguwarmu sai ka bi layi guda gida-gida ba ka sami ko mutum ɗaya irin wannan ba. Kuma in mahaifin yaro ya taɓa cin bashi bai biya ba, an ce laifin ya shafi ɗan.

Ba zan ce waɗanda suka rubuta wannan ba su da hujja ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance, ta ba da kuɗi, mafi yawan waɗanda suka karɓa ba su mayar ba, ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar Bankin Ilimi, shi kuma bai ma miƙe ba. Tsoron maimaita wannan ne ya sa aka kafa shinge har ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Dokar ta 2023 ba ta ba kowa ko kwabo ba, aka yi ta ɗage ranar farawa, daga ƙarshe aka soke ta, aka sa hannu a sabuwa ranar 3 ga Afrilun 2024.

Sabuwar ta gyara abubuwa da yawa, kuma ya kamata a faɗi haka. An cire iyakar 500,000. An cire masu tsayawa. An daina kama ɗa da bashin uba. A da kuɗin makaranta kaɗai za a biya, yanzu an haɗa da na ɗawainiya. An kafa asusun NELFUND, aka naɗa Akintunde Sawyerr shugaban gudanarwarsa, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayun 2024, da farko ga makarantun tarayya, daga baya na jihohi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma yana karɓar naira 20,000 a wata in ya nemi na ɗawainiya. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, dokar ta ambaci foli da kwalejin ilimi da makarantun koyon sana'a da sunansu, ba ta tsaya a jami'a ba.

Tambayar farko da dattawan masallacinmu suka yi ita ce ta kuɗin ruwa, kuma amsarta a fili take: babu ruwa a ciki, abin da ka ci shi za ka biya. Wannan ya kwantar da hankalin mutanen Arewa, shi ya sa jami'o'i irin ta Maiduguri da ta Bayero suka kasance a sahun gaba wajen yawan masu nema. Abin da nake yawan tunatar da yaranmu shi ne kada su ɗauke shi rabon gwamnati. Na ji wasu suna kiransa alawus, har da masu shirin sayen waya da shi. Bashi ne, yana rubuce da lambar ɗan ƙasarka da ta bankinka, kuma ya fi dacewa Musulmi ya ji nauyinsa tun ranar karɓa.

To ina matsalar take, tunda doka ta buɗe ƙofa? Duk wanda ya taɓa zama wurin maɗinka a cikin birnin Zazzau ya san riga ba a yankanta sai da awo. Wannan tsari da awon ɗan jami'a aka yanka shi, sannan aka miƙa wa ɗan foli aka ce ya saka. Ɗan jami'a hanyarsa miƙaƙƙiya ce: ya rubuta JAMB, ya sami gurbi, ya yi shekara huɗu ko biyar a jere, ya tafi bautar ƙasa, ya nemi aiki. Kowane sharaɗi na bashin yana bin wannan layi. Hanyar mai karatun fasaha kuwa gaɓa-gaɓa ce kamar rake, kuma a kan gaɓoɓin nan ne ake zubar da yara.

Ɗauki ɗan ƙanwata. Ƙaramar difloma shekara biyu ce. In ya gama ba ya zarcewa, ƙa'ida ta ce sai ya yi shekara guda yana aiki a fanninsa, abin da ɗalibai ke kira IT, kuma wanda sakamakonsa bai yi ƙarfi ba ana neman shekara biyu daga gare shi. Wannan shekara sharaɗi ce ta karatun, babu ita babu babbar difloma. Amma a cikinta yaron ba ɗalibin kowace makaranta ba ne. Sunansa ba ya cikin rajistar da makarantu ke turawa, don haka babu ta inda zai nemi ko sisi. Shi ne yake bin wani mai aikin wayarin zuwa gidajen da ake ginawa, yana fasa bango da kurfi da guduma, yana jan waya a cikin bututu, in an tashi a ba shi na mota, wata rana ma babu. A wannan shekarar ce yara da yawa ke sulalewa. Wani ya kama acaba da niyyar tara kuɗin rajista, ya zarce da ita. Yarinya kuma a ce tunda tana zaune gara a yi mata aure. In ana son a san dalilin da ya sa masu ƙaramar difloma suka fi masu babba yawa nesa ba kusa ba, a fara duba wannan rami.

Sai maganar lambar JAMB, wadda a aikace ita ce mabuɗin komai. Shafin nema yana buƙatar ta, tare da lambar ɗan ƙasa, da ta BVN, da lambar ɗalibi ta makaranta. Tun 2017 JAMB ta ce duk gurbin da bai bi ta manhajarta ta CAPS ba, ba ta san da zamansa ba, kuma a 2024 ta rufe damar da ta bayar ta halatta tsofaffin guraben da aka bayar ta bayan fage. A jami'a wannan bai cika zama matsala ba. A foli kuwa ƙofofin shiga suna da yawa tun asali: akwai mai share fage, akwai mai karatun yamma, akwai na ƙarshen mako, akwai wanda ya sayi fom a makaranta kai tsaye aka ɗauke shi. Su wane ne ke bin waɗannan ƙofofi? Bakaniken da ke gareji da safe, da ma'aikaciyar ɗakin shan magani da ke son ƙarin takarda, da magidancin da ba zai iya barin sana'arsa shekara biyu ba. Wato mutanen da suka riga suka riƙe sana'a, waɗanda karatun fasaha ya fi yi wa amfani, su ne suka fi fuskantar rashin lamba. Babbar difloma ma ba JAMB ke ba da gurbinta ba, makarantu ne ke ɗauka, sai ɗalibi ya koma ga lambar da ya shiga ƙarama da ita. Wanda ya shigo ba lamba tun farko, rashin zai bi shi har ƙarshe.

Ko mai lambar ma sai ya dace. Na raka yaron nan mai karatun gine-gine wani kafe a Tudun Wada, muka tarar da layi har waje, janareta na ta ƙara, mai kafen yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kansa, sai ga takardu uku da suna iri uku. A ta ɗan ƙasa Muhammad, a ta banki Mohammed, a ta jarrabawa kuma an liƙa sunan gari a ƙarshe kamar yadda aka saba yi mana a firamare. Ranar haihuwa a ɗaya 1 ga Janairu, a ɗaya kuma wani watan daban. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Sai da ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya yi sati uku yana zirga-zirga kafin sunayen su daidaita. Wannan namu ne, mu iyaye, kuma gyaransa yana hannunmu: a tsayar wa yaro suna ɗaya da rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya tun daga takardar haihuwa.

Akwai kuma waɗanda aka bari a waje da gangan. Bashin na makarantun gwamnati ne, ɗalibin makarantar kuɗi ba ya ciki. In an faɗi haka, mutane sukan tuna jami'o'in 'ya'yan masu kuɗi su ce ai daidai ne. Amma a ɓangaren fasaha lamarin ya juye. Ƙananan kwalejojin kiwon lafiya masu zaman kansu da suka cika Zariya da Kaduna da Kano, 'ya'yan talakawa ne a ciki, galibi mata, waɗanda suka nemi ta gwamnati gurbi ya ƙare. Haka cibiyoyin ƙirƙira da sana'a da hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE ta fara amincewa da su wajen 2007, mafi yawansu na 'yan kasuwa ne. Na fahimci tsoron gwamnati, domin in aka buɗe wannan ƙofa ba tsari, gobe kowane shago zai kafa allo ya ce shi kwaleji ne. Ko a makarantun gwamnati ma, a 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu sun karɓi kuɗin ɗalibai ba su sanar da su ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Amma ma'aunin da ya dace shi ne ko an tantance kwas ɗin, ko ba a tantance ba. Wanda ya mallaki ginin bai kamata ya zama shi ne mai raba gardama ba.

Kuɗin ɗawainiyar ma awonsa ɗaya ne ga kowa. Naira 20,000 a wata bai kai 700 a rana ba. Mai karanta tarihi littafi yake buƙata, yana iya aro. Mai karanta gine-gine yana buƙatar allon zane da kayan awo, mai lantarki yana buƙatar mita da filaya da sukundireba, mai injiniyan inji yana buƙatar rigar aiki da takalmin kariya, kuma dukansu a ƙarshe sai sun haɗa aikin kammalawa da kayan da za su saya da kuɗinsu. Na ga ɗalibai biyar sun yi karo-karo don su ƙera injin ɓarzar masara guda, kowa ya sayar da abin da ya mallaka. Karatun hannu ya fi na baki tsada, kowane malamin bita ya san haka, amma babu layi ɗaya a fom ɗin da ya tanadi kayan aiki.

Yanzu sai mai walda, wanda tambayarsa ce ta fi hana ni barci. A ƙasar Hausa yawancin masu fasaha ba a aji aka yi su ba. Uba ne ke kama hannun yaro ya kai shi wurin maigida, ya fara da shara da aike da miƙo sifana, a hankali a bar shi ya taɓa aiki, bayan shekaru a yaye shi da addu'a. Wannan makaranta ta fi duk folin Arewa yawan ɗalibai, ita ke gyara motocinmu da famfunanmu da firjinmu, amma ba ta ba da takardar da gwamnati ko kamfani za su duba. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ta fito da matakan shaidar ƙwarewa na ƙasa da ake kira NSQ, inda za a zo a gwada mutum a kan aikinsa a ba shi mataki, ko da bai taɓa zama a aji ba. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya shugabanci cibiyar binciken sinadarai ta Basawa a nan Zariya kafin ya riƙe foli ta Kaduna sannan hukumar kanta, ya daɗe yana wannan kira, kuma an gwada shi da maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna. Tunani ne mai kyau, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma gwajin kuɗi ne, horon cike giɓi kuɗi ne, ranakun da mutum zai rufe shago kuɗi ne.

A watan Mayun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ƙaddamar da sabon shirin koyon sana'a na tarayya: karatu kyauta a kwalejojin fasaha na tarayya, da horo na wata shida ko na shekara guda a cibiyoyin da aka tantance, da alawus na naira 22,500 a wata, mafi yawan lokacin kuma a bakin aiki ake yin sa. Wannan tallafi ne, ba a biya. Ga yaron da ke zaune ba sana'a, alheri ne babba. Sai dai an tsara shi ne don mai farawa. Wanda ya shekara biyar yana walda ba ya buƙatar a koya masa riƙe ƙarfe. Abin da yake nema shi ne tsani: ya koyi karanta zanen injiniya, ya koyi waldar bututun gas, ya sami takardar da za ta sa a ɗauke shi a aikin shimfiɗa bututun da ya taso daga Ajaokuta ya ratsa Kaduna zuwa Kano, maimakon a kawo wani daga nesa. Tsakanin horon wata shida da babbar difloma akwai fili mai faɗi, kuma babu asusun da ya tsaya a cikinsa sosai.

Wasu ƙasashe sun gane wannan. A Jamus, tun 1996 akwai tallafi na musamman ga mai sana'ar da ke son ya kai matsayin gwani mai ikon buɗe bita da yaye yara, wani kaso kyauta, wani kaso bashi, kuma ba a tambayar shekarunsa. A Afirka ta Kudu asusun ɗalibai na ƙasa yana ɗaukar nauyin masu karatu a kwalejojin sana'a 50 na gwamnati kamar yadda yake ɗaukar na jami'a. Ingila ma, da ta ga matakin da ke tsakanin sakandare da digiri ya yi rauni, ta fito da manyan takardun fasaha a 2022, ta kuma buɗe musu bashin ɗalibai har ga masu haɗa karatu da aiki. Ba na cewa a kwafo nasu. Abin lura shi ne dukansu sun fara da tambayar yadda mai sana'a yake rayuwa, sannan suka yanka rigar.

Ɓangaren biya ma yana nuna awon wanda aka ɗauka. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, mai zaman kansa kuma ya biya kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba zai iya rantsuwa a ɗaga masa, wanda ya rasu an yafe. Sharuɗɗa ne masu sauƙi. Amma mai ƙaramar difloma ba ya zuwa bautar ƙasa, mai NCE ta kwalejin ilimi ba ya zuwa, mai karatun yamma ba ya zuwa, mai walda kuwa ba a ma maganarsa. An ɗaure agogon biya a jikin abin da yawancin masu fasaha ba sa yi. Kuma ribar mai gyaran sola da ke karɓar kuɗi a hannu yau, gobe babu, wa zai lissafa ta? In ba a samo hanyar da ta dace da irin samunsu ba, ko dai su zama masu taurin bashi a takarda ba da niyya ba, ko kuma asusun ya ga ba su da riba ya riƙa kauce musu. Duka biyun asara ce, kuma ta biyun ta fi ba ni tsoro.

Akwai wani abu da ke ci mini rai fiye da wannan. Gwamnatin da ke ba yaro bashi ya yi babbar difloma, ita ce kuma ta daɗe tana ajiye mai wannan takarda a bayan mai digiri, har aka saba cewa ba ya wuce mataki na 14 a aikin gwamnati sai ya ƙaro wata takarda. Majalisun tarayya biyu sun amince da dokar kawar da wannan bambanci a 2021, amma wa'adin gwamnatin wancan lokaci ya ƙare a 2023 ba a sa mata hannu ba. Mai babbar difloma shekara biyar yake kashewa in an haɗa da ta IT, fiye da mai digirin shekara huɗu. Yaya za ka ranta wa mutum kuɗi ya sayi kaya, sannan kai da kanka ka karya farashin kayan a kasuwa? Wasu suna ganin mafita ita ce a mayar da foli jami'a, kamar yadda Ingila ta yi a 1992, Gana kuma a 2016. Ni ban gamsu ba. Sauya allon ƙofa ba ya ƙara injin ko ɗaya a bita, kuma sau da yawa ƙarshensa a sami ƙarin masu riƙe biro, masu riƙe sifana su ragu.

Tallafin da ba a biya kuwa, wanda shi ne ya fi dacewa da marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, nan ma haka zancen yake. Tallafin karatu na tarayya yana lissafa masu digiri da masu babbar difloma da masu NCE, ƙaramar difloma ba ta cikin jerin da aka saba fitarwa, alhali ita ce matakin da yaron ƙauye ke fara takawa. Asusun TETFund gine-gine da horar da malamai yake yi, ba ya biya wa ɗalibi rajista. Jihar Kaduna tana da hukumar tallafi da rancen karatu, kuma a ganina nan ne ya fi sauƙi a fara gyara, domin jiha ta san folinta, ta san garejinta. Za ta iya ɗaukar shekarar IT a matsayin karatu ta ba da ɗan abin mota, ta haɗa yaran da kamfanoni da manyan bitoci. Za ta iya ba da kayan aiki a hannu maimakon kuɗi, ta yadda ba za a karkatar ba. Za ta iya biyan kuɗin gwajin NSQ ga duk wanda maigidansa da ƙungiyar sana'arsu suka shaida. Ƙungiyoyin makanikai da na masu walda da na kafintoci sun san kowane yaro da ubangidansa, sun san mai amana da marar ita fiye da yadda kowace manhaja za ta sani. Da su ya kamata a yi aikin tantancewa, da su kuma za a fi samun biya. Masu zakka da wakafi na garin nan ma ina roƙonsu su dubi wannan fanni, domin mitar awon wuta guda da akwatin kayan aiki suna iya tsayar da gida guda da ƙafafunsa.

Ga uban da zai kai yaro foli bana, abin da zan ce masa kaɗan ne. Ya tabbata gurbin ya fito a shafin JAMB, yaro ya karɓa da hannunsa, ya buga takardar ya adana. Ya tambaya ko NBTE ta tantance wannan kwas ɗin a wannan makarantar, don ana iya tantance makaranta a bar wani kwas a cikinta. Ya daidaita sunan yaro a duk takardunsa tun kafin a buɗe shafi. In ya riga ya biya rajista sannan bashin ya fito, yana da haƙƙin makaranta ta mayar masa da kuɗinsa, ya riƙe rasit. Kuma tun ranar farko ya fara ajiye wani abu don shekara ta uku, wadda babu mai ɗaukar nauyinta sai shi.

Samarin uku har yanzu suna zama a dakalin. Mai gine-ginen nasa ya fito, an biya masa rajista, yana karɓar na wata, ya sayi allon zane na hannu daga wani da ya gama. Ɗan ƙanwata saura wata huɗu ya cika shekararsa, uwarsa ta ware buhu uku na masara ta ce ba mai taɓa su sai ranar sayen fom. Mai waldar ya daina tambayata zancen bashi. Ya shiga adashi da abokan aikinsa su goma, yana son ya sayi injin walda nasa na kansa da ƙaramin janareta. Daren jiya ya ce mini saura kwasa biyu ya zagayo kansa.